Naɗin Zare a Bakin Mahaɗa, da Mas'alar Rubuta Bashi

Sandar fatsa irin wadda yaranmu ke zuwa bakin kogi da ita ba ta da wani dogon sha'ani, domin reshe guda ne ake sarowa a ɗaura masa igiya da ƙugiya, in ya karye a yar a saro wani. Amma a ƙasashen da suka mai da fatsa sana'a mai ƙa'idoji, irin su Ingila da Amurka da Japan, inda mutum yakan yi tafiyar yini guda cur domin ya je wani rafi ya jefa ƙugiya, sandar takan kai ƙafa 9 ko 10, ta masu kamun manyan kifaye a kogunan Sikotilan kuwa har takan wuce ƙafa 15, ga ta siririya, ga tsada, ba ta shiga jaka balle a bi taron jama'a da ita. Saboda haka larura ta sa masu ƙera ta suka riƙa yin ta gunduwa biyu ko uku ko huɗu, a harhaɗa a bakin ruwa, a warware in an tashi. Daga wannan larura aka sami mahaɗa, watau wurin da kan wata gunduwa yake shiga cikin bakin wata, su kuwa masu sana'ar sukan kira mai shiga namiji, mai karɓa kuma mace. Duk wanda ya daɗe a aikin ya san cewa a nan sanda ta fi rauni, kuma macen ce take ɗauke da mafi yawan wahalar.

Dalilin raunin a fili yake ga wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mai faskare. Itace ba ya yarda a karya shi a gicciye sai da wahala, amma in aka sa masa bakin gatari ta kai, aka bi jijiyarsa, sai ya dare gida biyu ba gardama. To, gora ma jijiyoyinta a tsaye suke, haka nan sandunan zamani da ake yi da zaren gilashi ko zaren kabon, mafi yawan zarensu an shimfiɗa shi ne bisa tsawon sandar domin ta lanƙwasa ta miƙe ba ta karye ba. Shi kuwa namijin mahaɗa an fiƙe shi ne kaɗan, siriri ta gaba, kauri ta baya, har ya zamana gwargwadon yadda aka tura shi gwargwadon yadda yake buɗa bakin macen ta ciki. Sa'an nan idan mai fatsa ya wurga igiya, ko kifi ya ja, sandar ta lanƙwasa, sai namijin ya danna gefe guda na bakin, bakin da yake da'ira ya nemi ya baje. Tsaga takan fara ne daga leɓen bakin, siririya ƙwarai har ido ba ya ganinta, ta riƙa hawa sannu a hankali, sai ranar da babban kifi ya kama ta bayyana gaba ɗaya.

Maganin da aka samo wa wannan illa abu ne da mutum zai raina in ya gan shi, domin zare ne kurum, na siliki ko na nailan, wanda bai fi na ɗinki kauri ba. Maƙerin sanda yakan fara naɗi daga ɗan nesa da baki, ya danne kan zaren a ƙarƙashin zagayen farko, ya riƙa juya gunduwar yana jera zagaye kusa da zagaye, ba gibi ba hawa kan juna, yana matsa su da farce, har ya kai dab da leɓe, domin in ya bar leɓen tsirara ya bar ainihin wurin da tsaga ke farawa. Ba a yin ƙulli. Idan saura 'yan zagaye kaɗan sai ya kwantar da wata 'yar madauki ya yi naɗi a kanta, ya yanke zaren, ya zura kansa cikin madaukin, ya janye shi ya shige ƙarƙashin naɗin, ta yadda zaren da kansa yake riƙe da kansa. Daga nan a shafe shi da wani gam mai haske wanda ake haɗawa daga kwalba biyu daidai wa daida, a ɗora gunduwar a kan na'ura mai juya ta a hankali na sa'o'i domin kada gam ya taru gefe guda. Abin da zaren ya yi shi ne ya kawo jijiya ta gicciye a wurin da babu sai ta tsaye. Zagaye guda yaro ma sai ya tsinke shi da hannu, amma zagaye masu yawa da suka kwanta gefe da gefe, gam ya game su, sun fi ƙarfin abin da namijin zai iya yi wa baki.

Abin sha'awa, al'ummun da ba su koyi sana'ar daga juna ba duk sun komo ga zare. A birnin Edo, wanda ake kira Tokyo yanzu, tun wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka san wani maƙeri mai suna Tosaku da sandunan gora masu gunduwa, kuma har yau magadan sana'arsa ba su sa ƙarfe a mahaɗa: sukan rarake cikin gorar kanta, su naɗe bakin da siliki, su yi ta shafa masa ruwan wani itace da suke kira urushi, shafi bisa shafi, kowane sai ya bushe kafin a ƙara. A Amurka kuwa, inda ake tsaga gorar da ake kawowa daga lardin Guangdong na ƙasar Sin a fere ta tsinke shida masu kusurwa uku a manne su su zama sanda guda, sai suka zaɓi bututun ƙarfe, gamin jan ƙarfe da tutiya da nikel, suna zaton sun huta. Ashe sauya wa matsalar mazauni kawai suka yi, domin ƙarfe ba ya lanƙwasa, gora kuwa tana yi, sai sandar ta riƙa karyewa daidai inda ƙarfen ya ƙare. Hiram Leonard, wanda ya yi sana'arsa a garin Bangor na jihar Maine, shi ne ya yi rajistar wata dabara a shekarar 1878, ta tsattsaga gindin bututun ya zama 'yan harsuna masu laushi waɗanda ake kwantarwa a jikin gorar a naɗe su da siliki, don taurin ƙarfe ya sauka zuwa laushin gora a hankali. Wani mutumin Inverness ta Sikotilan kuma, Alexander Grant, wanda yake maƙerin goge ne irin na Turawa ban da sanda, ya ƙi bututun ƙarfe ɗungum, ya fere kawunan gunduwoyinsa a karkace ya haɗa su ya ɗaure da tsirkiyar fata. Da kamfanin Fenwick ya fito da mahaɗar da ba ƙarfe a sandunan zaren gilashi a 1962, sa'an nan da sandar kabon a 1973, sai aka koma wa tsohon hali na mutanen Edo: baki ne na jikin sanda, da zare a kansa.

Abin da ya sa na tsaya a kan wannan sana'a, wadda ba tamu ba ce, shi ne wata ɗabi'a guda ta masu yin ta. Ba su duba gunduwa su ce wannan mai kyau ce ba ta bukatar naɗi, waccan kuwa ban yarda da ita ba bari in naɗe ta. Kowace sukan naɗe, ta attajiri da ta talaka, wadda aka zaɓo gorarta cikin ɗari da wadda aka yi da saura, kuma sukan yi naɗin ne tun tana sabuwa lafiyayya, ba a taɓa jin wani ya ce naɗin cin mutunci ne ga gorar ba. Mu kuwa muna da mahaɗa tamu, wadda take tsakanin mutum da mutum, watau bashi da ajiya da tarayyar kasuwanci da aron gona, kuma shari'a ta ba mu zaren da za mu naɗe ta da shi, wanda shi ne rubutu da shaidu da jingina da lamuni. Amma sai ya zamana wanda ya ɗauko wannan zare shi ne abin zargi. Mutum ya ranta wa ƙaninsa jari, ya ce a kira malam ya rubuta, sai ƙanin ya ɓata rai ya ce, "Yaya, ashe har ni ba ka yarda da ni ba?" Sai kunya ta kama mai kuɗi, ya ce a bar shi, ai duk ɗaya ne. Mas'alar da nake so mu duba ke nan: shin neman rubutu tsakanin masu amana tawaya ce ga amanar, ko ma tawaya ce ga tawakkali, ko kuwa ba haka ba ne?

Kowane almajiri ya san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, ba a kan salla ko jihadi ta sauka ba, a kan bashi ta sauka. Ta umarci muminai su rubuta bashin da aka yanka wa ajali, ta umarci marubuci ya yi adalci kada kuma ya ƙi rubutawa, ta nemi shaidu, ta hana ƙosawa da rubuta shi ko ƙarami ne ko babba, kana ta faɗi hikimar abin, cewa ya fi adalci, ya fi tsayar da shaida, ya fi nesanta mutane daga shakka. Kuma ya kamata a lura da su wa aka fara yi wa wannan kira: mutanen Madina ne, Muhajirai da Ansar, waɗanda suka raba gidajensu da dukiyoyinsu tsakaninsu, waɗanda babu wata al'umma da za ta zo bayansu ta ce ta fi su amana. In da rubutu na marasa gaskiya ne, da su ne suka fi kowa cancantar a ɗauke musu shi.

Amma adalci ne a kawo hujjar ɗaya ɓangaren da ƙarfinta, domin ba ƙaramar hujja ba ce. Jamhurun malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan cewa wannan umarni na shiryarwa ne da mustahabbanci, bai kai wajibi ba, suna masu kafa dalili da ayar da ke biye, wadda bayan ta ambaci jingina a halin tafiya ta bar ƙofa a buɗe ga waɗanda suka amince wa juna, da sharaɗin wanda aka amince wa ya mai da amanarsa. Har an ruwaito daga wasu magabata cewa ayar ta biyu ta shafe hukuncin ta farko. Imam Ɗabari da Ibn Hazm su ne fitattun waɗanda suka tsaya a kan wajibci. Ban da wannan kuma akwai ƙissar da Bukhari ya kawo ta mutumin Bani Isra'ila da ya ranci dinari 1,000, aka nemi shaida da mai lamuni ya ce Allah Ya isa, mai kuɗi ya yarda. Da ajali ya yi bai sami jirgi ba sai ya rarake itace ya zuba kuɗin ya jefa a teku, Allah kuwa Ya isar da su hannun mai su. Wanda ya ƙi rubutu yana iya cewa shi wannan matsayi yake nema, kuma wa zai ce masa matsayin ba mai girma ba ne?

Sai dai ni a ganina ƙissar an ba da ita ne domin abin al'ajabi ce, ba a kuwa gina mu'amalar kasuwa a kan karama. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya ba da wannan labari da bakinsa, shi ne ya yi wafati sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓa wa iyalinsa, shi ne ya sa sulke biyu ranar Uhudu, shi ne kuma, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya yi tawakkali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya warware wannan a littafin tauhidi da tawakkali na Ihya'u, inda ya kasa sababai uku: akwai tabbatattu waɗanda barinsu wauta ce, kamar kai loma baki ga mai jin yunwa, akwai waɗanda ake kyautata zaton amfaninsu, riƙo da su ba ya warware tawakkali, akwai kuma na wahami, waɗanda bin diddiginsu ke nuna zuciya ta dogara ga wanin Allah. Rufe ƙofa da ɗaure dabba bai sa su cikin masu rushe tawakkali ba, muddin mutum ya san ba ƙofar ce ta tsare shi ba. Rubutun bashi kuwa, in ba a sa shi a kashi na farko ba, ba ya sauka ƙasa da na biyu.

Wannan ya amsa zancen tawakkali, amma bai amsa ƙorafin ƙanin nan ba, domin shi ba tauhidi yake magana ba, mutuncinsa yake karewa. A nan ne nake ganin mun yi kuskure wajen gane dalilin hukuncin. Muna zaton abin da rubutu yake tsaro shi ne ha'inci, saboda haka duk wanda aka nemi ya sa hannu sai ya ji an kira shi maha'inci. Alhali kuwa bakin mahaɗa ba ya tsagewa don gorar muguwa ce. Yana tsagewa ne don wuri ne da abu biyu suka haɗu, nauyi kuma ya bi ta kansu. Mafi yawan rigingimun bashi da na ajiya da ake kai wa dattawa, in aka bi su sannu, ba a iske ɓarawo a ciki. Akan iske mutum biyu masu salla, ɗaya ya tuna buhu goma ɗaya ya tuna takwas, kowanne kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani bisa gaskiyar abin da ya tuna; ko a iske ɗaya ya ɗauka rance ne ɗaya ya ɗauka jari ne na raba riba, sai da asara ta zo aka gane ba su taɓa nufin abu guda ba; ko a iske an ce a biya "bayan kaka," wani yana nufin kakar gero wani yana nufin sai an sayar da gyaɗa. Ita kanta ayar, da ta zo bayanin yawan shaidu, mantuwa ta ambata a matsayin dalili. Bayan mantuwa kuma ga mutuwa, wadda take shigo da mutanen da ba su halarci ƙulla amanar ba, matan aure da marayu da surukai, waɗanda ba su gaji yardar da ke tsakanin mamacin da abokinsa ba, dukiya kawai suka gada.

Akwai wani abu a cikin ayar da ban cika jin ana tsayawa a kansa ba, alhali shi ne maganin kunyar da take hana mu aiki da ita. Wanda aka ce ya yi shibtar abin da za a rubuta shi ne wanda ake bi, ba mai bin bashi ba. Malamai sun ce hikimar ita ce maganarsa ta zama iƙirari a kansa, wannan kuwa gaskiya ne. Amma ni ina ganin har da wata ladabtarwa a ciki, cewa nauyin neman rubutu ya fi dacewa da mai karɓa. A sanda ma bakin da ya karɓa shi ake naɗewa. In da al'adarmu ta zama cewa mai cin bashi ne yake fara cewa, "Alhaji, a kira Malam ya rubuta, rai ba a bakin komai yake ba," da babu wanda zai ji an zarge shi, domin mutum ba ya zargin kansa, shi kuma mai bayarwa da an ɗauke masa zaɓi tsakanin ɓata wa ɗan'uwansa rai da jefa haƙƙin 'ya'yansa cikin garari. A nan kuwa dole in yarda cewa misalin ya gaza ta wata fuska, domin gora ba ta da zuciya, ba ta jin zare a jikinta, ɗan Adam kuwa yana ji. Abin da ke rage masa jin shi ne ya ga ana yi wa kowa. Rubutun da aka nema daga mutum guda aka ƙyale saura tuhuma ne, ko da mai nemansa ya rantse ba haka yake nufi ba. Wanda ya zama ɗabi'ar gida, ana yi wa ɗa da baƙo da liman, ya tashi daga tuhuma ya zama tsari. Ina zaton shi ya sa ayar ta haɗa ƙarami da babba, don kada ranar da aka ɗauko alƙalami ta zama rana ta musamman.

Kada kuma a ɗora wa zare abin da ba aikinsa ba. Ba shi ne yake riƙe gunduwa da gunduwa ba. Abin da yake riƙe su shi ne dacewar namiji da mace, yadda aka goge su har suka zauna cif. Mahaɗar da aka yi ta sako-sako, ko an naɗe ta da silikin duniya duka, za ta yi ta girgiɗi har ta fice. Masu fatsa kuma sun san cewa abin da ya fi tsaga baki, ko naɗaɗɗe ne, shi ne a bar gunduwoyi su sassauta da yawan wurgi ba a lura ba, har ya zama ɗan kan namijin kaɗai ke ciki yana cin leɓe. Shi ya sa sukan goga wa namijin kyandir, su riƙa tsayawa lokaci-lokaci suna matsa mahaɗar, masu dogayen sanduna ma har salatif suke naɗawa. Haka takarda ba ta mai da maƙaryaci mai gaskiya, ba ta kuma maye gurbin ziyara da tuntuɓa da faɗa wa abokin hulɗa halin da ake ciki tun kafin ajali ya cika. Kuma ba tawada kaɗai ce zare ba. Abner Cohen, wanda ya zauna da Hausawan Sabo a Ibadan a farkon shekarun 1960 ya fitar da littafinsa a 1969, ya bayyana yadda fataken shanu daga Arewa suke sayar wa mahautan Yarabawa bashi ba tare da wata takardar yarjejeniya ba. Mai gaggawa sai ya ce ga amana tsirara tana aiki. Amma in ya ƙara dubawa zai ga maigidan da baƙo ya sauka wurinsa shi ne yake tsaya wa kuɗin, ga dillalai da yaran gida da suka san kowane mahauci da abin da ake binsa, ga kuma sanin cewa wanda ya ci kuɗin baƙo ba zai ƙara samun saniya bashi a kasuwar ba. Lamuni ne da shaidu, an naɗe bakin tam, da irin zaren da ke hannunsu.

Ta ɗaya gefen kuma ana iya wuce gona da iri. Maƙera sukan gargaɗi almajiransu kada su ja zaren da ƙarfi fiye da kima a kan baki mai siririn jiki, domin yana iya matse shi har namijin ya kasa shiga yadda ya kamata, shi ya sa da yawansu sukan zura namijin a ciki kafin su fara naɗi. Ba su kuma naɗe sandar daga kai har gindi, don nauyi zai kashe mata laushin da saboda shi aka yi ta. Malikawa, waɗanda aka san su da toshe kafofin ɓarna fiye da kowa, su ma sun san wannan iyaka. Imam Ƙarafi, wanda ya rasu a 1285, ya nuna a cikin Furuƙ cewa akwai kafar da aka haɗu a kan toshe ta, kamar haƙa rijiya a kan hanyar jama'a, akwai wadda aka haɗu a kan barinta, kamar noman inabi, wanda ba mai hana shi don tsoron a yi giya, akwai kuma wadda aka yi saɓani a kanta. Ayar bashi da kanta ta sauke wa cinikin hannu da hannu nauyin rubutu, ayar da ta gabace ta kaɗan kuma ta umarci a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi, ta nuna yafewa ta fi. Wanda ya mai da takarda makami, yana kaɗa ta a fuskar ɗan'uwansa ranar da ajali ya cika ko da ya san gobara ce ta cinye shagonsa, ya riƙi aya guda ya saki maƙwabciyarta.

Sa'an nan ita mahaɗa an yi ta ne tun farko domin a riƙa rabawa, kuma wannan ne muka fi ƙin tunawa ranar da ake ƙulla hulɗa, domin ambaton rabuwa a ranar haɗuwa kamar mugun fata ne a kunnenmu. Amma babu tarayyar da ba ta ƙarewa, ko da riba ko da asara ko da ajali, kuma fuƙaha'un Andalus da Magrib ba su ji nauyin wannan ba: sun mai da rubuta wasiƙun shari'a fanni mai zaman kansa, Ibnul Aɗɗar na Ƙurɗuba ya yi littafi a kansa tun wajen shekara ta 1000, Wansharisi mai Mi'iyar, wanda ya rasu a 1508, shi ma ya yi nasa, suna koya wa marubuci yadda zai ambaci jari da rabon riba da ajali har ba a bar kalmar da za ta ɗauki ma'ana biyu ba. Tuhfar Ibn Asim, wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, daga wannan gida ta fito. Ba baƙon abu ba ne a gare mu, gadonmu ne muka ajiye.

Idan aka ƙi duk wannan har mutuwa ta riga, abin da ke faruwa sananne ne. Kafin a sallaci gawa wani daga dangi yakan tashi ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya same su, al'ada ce kuwa mai asali, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa dakatawa daga sallatar wani mamaci saboda 'yan dinarai har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyinsu. Sai mai bin bashi ya zo, ba takarda ba shaida, magada kuwa, waɗanda a cikinsu akwai ƙananan marayu da ba wanda yake da ikon yin kyauta da rabonsu, su rasa yadda za su yi. In aka je gaban alƙali zai nemi hujja daga mai da'awa, kuma a mazhabarmu ko ya kawo shaidu sai ya ƙara da rantsuwa cewa ba a biya shi ba bai kuma yafe ba, tun da wanda zai musanta masa ba ya nan. In kuwa ba shi da hujja, iyakar abin da za a nema daga baligan magada waɗanda ake zaton sun sani shi ne su rantse ba su da masaniyar bashin, kuma mai yiwuwa ne ƙwarai gaskiya suka faɗa. Alƙali ya yi hukunci daidai bisa zahiri, magada sun raba abin da shari'a ta ba su, mai kuɗi ya koma gida yana ganin an zalunce shi, gidaje biyun kuma da wuya su ƙara halartar sunan juna.